Daga Agadas zuwa Akokan: da wace tiya za a auna gyaran kufan COMINAK?

Duk wanda ya nufi arewacin ƙasarmu, ko daga Tawa ya fito ko daga Damagaram, sai ya yada zango a Agadas. Tun daga nesa hasumiyar babban masallaci ke yi wa baƙo maraba, ginin ƙasa mai tsawon mita 27, wanda aka kafa wajen shekara ta 1515, aka sake gina shi a 1844. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon birnin, da masallacinsa da fadar Sarkin Abzin, cikin kayan tarihi na duniya.

Agadas gari ne na ayari. Arzikinta na da a bayan raƙuma ya zo: gishirin Bilma da Fashi, dabino, geron ƙasar Hausa, fatu, da azurfar maƙera. Amma sama da shekara hamsin ke nan da wani ayari na daban ya shiga ratsa jahar, wato ayarin manyan motoci masu ɗauke da gangunan ƙarfe, cikinsu garin iraniyom mai launin rawaya. Har zuwa 2023, daga Arlit suke tasowa, su bi ta Tawa da Doso da Gaya, su ƙetare ƙasar Binin har bakin teku a Kwatano, daga can jirgin ruwa ya kai kayan Faransa. Ranar 31 ga watan Maris 2021 aka rufe ɗaya daga cikin manyan mahaƙai biyu na Arlit, wato na kamfanin COMINAK. Injina sun yi shiru, ma'aikata sun watse, kufai ya rage. To, me za a yi da shi? Kuma in an ce an gyara, ta ƙaƙa talaka zai gane gyaran mai ɗorewa ne? Saboda wannan tambaya muka ga ya dace mu bi hanyar tare da masu karatu.

Ƙasar ma'adini tun kaka da kakanni

Haƙar ma'adini ba baƙon abu ba ne a Abzin. A 1353 shahararren matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya sauka a Takadda, ya tarar da mutane suna haƙo jan ƙarfe suna narkawa a gidajensu, suna yin sanduna da ake ciniki da su a madadin kuɗi, har ana kai su Gobir da Barno. Ya kuma lura cewa ruwan garin, saboda ya bi ta kan ma'adinin, launinsa da ɗanɗanonsa sun sāke. Masana tarihi da dama sun tafi a kan cewa Takadda ita ce Azelik ta yau, arewa da Ingal, kusa da Tagiddan Tesum mai gishiri. Ashe ke nan tun shekara ɗari shida da wani abu an san cewa ma'adini da ruwan sha ba su cika zama lafiya ba.

A wannan Azelik ɗin ne, a 1957, Faransawa masu neman jan ƙarfe suka ci karo da iraniyom. Bincike ya yi ta matsawa arewa har aka dace da manyan taskoki a yammacin duwatsun Abzin. An kafa SOMAIR a 1968, ta fara fitar da kaya a 1971, tana haƙa a buɗaɗɗen rami. An kafa COMINAK a 1974, ta fara a 1978, ita kuwa ta ƙarƙashin ƙasa ta bi. Ban da waɗannan, an haƙi kuza a Elmeki tun zamanin Turawa, kamfanin ƴan Sin ya haƙi iraniyom a Azelik na ƴan shekaru daga wajen 2011, sa'an nan zinariyar Jado ta ɓulla a 2014. Kowane ɗaya daga cikinsu ya bar nasa tabo, ko zai bari. Saboda haka abin da aka yi a Akokan shi ne zai zama abin koyi, mai kyau ko marar kyau, ga sauran.

Hanyar iraniyom

Daga Agadas zuwa Arlit kilomita 240 ne ko kusa da haka. Kwaltar da ake bi ita ce ƙarshen hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda aka shimfiɗa da kuɗin ma'adini a ƙarshen shekarun 1970, har ake kiranta hanyar iraniyom. Direbobi sun san irin wahalar da ta ba su shekara da shekaru bayan ta farfashe. In ka bar ƙoramar Telwa da gorubobinta da lambunanta, sai itace ya dinga raguwa, duwatsun Abzin baƙi ƙirin suna hannun dama, fili fetal yana hannun hagu. Can za a ga hanyar da ta ratse zuwa Cirozerin, inda kamfanin SONICHAR ke haƙar gawayin ƙasa a Anu Araran. Tun 1981 tashar ke ba da wutar lantarki, kuma don ciyar da mahaƙan Arlit aka gina ta. Agadas da sauran garuruwa a bayan mahaƙan suka samu.

Gaba kaɗan, a wurin da ake kira Dabus, akwai wasu duwatsu da mutanen da suka sassaƙa raƙuman dawa a jikinsu, babban ya fi mita 5. Masana suna kimanta shekarunsu da dubbai, tun zamanin da wannan hamada take da ciyawa da tafkuna. Bayan nan sai Imuraran, kilomita 80 kudu da Arlit, inda aka ba kamfanin Areva izinin haƙa a 2009, aka yi buki, aka kawo injina, sa'an nan aiki ya tsaya da farashi ya faɗi.

Kafin matafiyi ya hango gidajen Arlit, tsaunuka yake fara hangowa, masu shimfiɗaɗɗen kai kamar an daddaɓe su. Baƙo zai ɗauka halittar Allah ce. Hannun ɗan Adam ne ya tara su.

Garin da rami ya haifa

Kafin 1969 babu gari a nan, sai makiyaya da raƙumansu. Kamfani ya gina unguwannin ma'aikata, da asibiti, da makarantu, da kantuna, da ruwa da wuta kyauta. Akokan, ƴan kilomita kaɗan daga Arlit, ita ce unguwar COMINAK. A gefen waɗannan unguwanni kuma sai masu neman abinci suka kafa tasu, har sunan Bukoki ya bi wasunsu. Mutane suka zo daga Maraɗi, Damagaram, Tawa, Yamai, har da ƙasashen gaɓar teku. A ƙarshen shekarun 1970 iraniyom ne ke kawo mafi yawan kuɗin da Nijar ke samu daga waje, a 1981 ma abin da aka haƙo ya haura tan 4.000. Manyan gine-ginen Yamai na zamanin Seyni Kunce, irin su otal Gaweye da zauren taro na Palais des Congrès, daga wannan rami suka fito. Har aka riƙa yi wa Arlit kirari da Paris ta biyu, sunan da Idrissou Mora-Kpai ya sa wa fim ɗinsa na 2005, lokacin da kirarin ya riga ya zama abin ban tausayi. Yau mutanen Arlit da Akokan sun haura dubu 100.

Ramin COMINAK yana da zurfin mita 250, hanyoyin da aka haƙa a cikinsa sun fi kilomita 200, wato kusan nisan Agadas zuwa Arlit, duk a ƙarƙashin ƙasa. A mafi yawan rayuwar kamfanin, Faransawa (Cogema, wadda ta zama Areva, ta zama Orano a 2018) suna da kashi 34 cikin ɗari, gwamnatin Nijar 31, Japanawa 25, ƴan Sipaniya 10. Daga 1978 zuwa 2021 an fitar da tan 75.000 na iraniyom. Ranar rufewa ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan ma'aikatan ƙananan kamfanoni masu aikin kwangila, waɗanda suka yi ta kuka cewa sallamarsu ba ta kama ƙafar ta ƴan kamfani ba.

Dusar da aka bari

Domin a fahimci kufan, sai a tuna da surfe. Mace takan surfa gero ta ɗebi tsaba ta bar dusa. Haka ake yi wa dutsen iraniyom: a niƙe shi, a jiƙa shi da ruwan batir mai ƙarfi, a tace ƙarfen, a zubar da saura. Sai dai a nan tsabar ƴar kaɗan ce ƙwarai, bai fi kilo 4 a cikin tan guda na dutse ba. Dusar da COMINAK ta tara ta kai tan miliyan 20, a fili mai faɗin eka 120, tsawon tsibin ya kai mita 35, wato ya fi hasumiyar Agadas.

Dusar gero abincin dabba ce; wannan kuwa guba ce. Dutsen iraniyom yana fitar da wani tiriri da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, wanda in ya yi yawa a jiki yakan jawo ciwon daji. Tacewar da ake yi iraniyom kawai take cirewa. Sauran ƙarafan da ke tare da shi, irin su toriyom da radiyom, suna nan cikin dusa, kuma su ke ɗauke da kusan kashi huɗu cikin biyar na tiririn. Ga shi an fito da su daga zurfin mita 250, an niƙe su lilis, an shanya su a sararin da iska ba ta hutawa.

Shirin gyaran da kamfanin ya bayyana shi ne: a toshe bakin rami da rijiyoyin shan iska, a kwance masana'anta, a daidaita gangaren tsibin, a lulluɓe shi da yumɓu da dutse masu kaurin mita 2. An ce aikin zai ci miliyar 95 na kuɗin sefa, a gama shi a 2033, sa'an nan a ci gaba da sa ido na aƙalla shekara 5. Shirin ya kuma tanadi miƙa wa gwamnati asibiti da gidaje da hanyoyin ruwa da wuta na Akokan. A takarda dai abin ya tsaru. Amma a kasuwar hatsi, kafin a yi ciniki sai an daidaita a kan tiya. Ga awo shida da muke ganin ba makawa sai an yi su.

Awo na farko: iska

Radiyom ɗin da ke cikin dusa yana haifar da wata iska mai suna radon, wadda likitoci suka tabbatar tana kawo ciwon dajin huhu. Ita kanta radon ba ta daɗewa, cikin kwana huɗu rabinta ya mutu, amma uwarta ba ta daina haihuwa. Hikimar lulluɓi ke nan: yumɓu ya riƙe iskar har ta mutu kafin ta fito, dutse kuma ya hana guguwa kwasar ƙura. Ƙa'idar da duniya ta yarda da ita, wadda kamfanin ma ya ce ita yake bi, ita ce kada tiririn da mazaunin gari zai ƙara sha saboda ma'aikata ya wuce milisiba 1 a shekara. To, a ina za a auna? Na'urar da aka kafa a ƙofar ofis ba za ta faɗi abin da mai lambu ke shaƙa ba. Sai an kafa su a Akokan, da Bukoki, da makarantu, da lambuna, da mashekarin makiyaya, an kuma auna da hunturu da bazara da damina, tun da kowane lokaci da inda iskarsa take kaɗawa.

Awo na biyu: ruwa

Ruwan saman da Arlit ke samu bai kai milimita 100 a shekara ba. Abin da mutane da dabbobi da lambuna ke sha daga wata taska ta ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, wadda ake kira Tarat. Tsohon ruwa ne, na zamanin da aka sassaƙa raƙuman Dabus ko kafin nan, kuma in an ɗiba ba ya komowa sai a hankali ƙwarai. Rahoton ƙungiyar Greenpeace na 2010 ya ce mahaƙan biyu sun sha lita miliyar 270 cikin shekara arba'in. Rahoton ya kuma ce a cikin samfur biyar na ruwan yankin da aka auna, huɗu sun wuce iyakar iraniyom da hukumar lafiya ta duniya ta sa a wancan lokaci. Kamfanin ya musanta cewa ruwan da yake ba jama'a yana da haɗari.

Bayan rufewa matsalar ta ɗauki sabon salo. Muddin ana haƙa, ana zuƙe ruwa daga rami dare da rana. Da an kashe famfuna, ruwa zai riƙa komowa sannu a hankali ya cika hanyoyin nan, ya jiƙa dutsen da aka farfasa. Haka nan abin da ya tsiyaya daga ƙarƙashin tsibin dusa da tafkunan ruwan batir tun 1978 bai tsaya ba don an rufe ƙofa. Yana tafiya cikin ƙasa. Lulluɓin sama ba ya maganin abin da ya riga ya nutse. Awon gaskiya a nan shi ne rijiyoyin gwaji kewaye da kufan, a riƙa ɗiba ana aunawa, a ga ko gurɓataccen ruwan yana matsowa wajen rijiyoyin sha ko yana ja da baya. Iyakar hukumar lafiya ta duniya tun 2011 ita ce mikrogiram 30 na iraniyom a lita guda. Adadi ne da kowane malamin makaranta zai iya karantawa ya fassara wa unguwa, in har an manna sakamakon a allon ma'aikatar magajin gari.

Awo na uku: kasuwa da lungu

Guba ba ta tsaya a bayan waya ba, ta daɗe da shiga gari. A ƙarshen 2003 masanan CRIIRAD, wata cibiyar bincike mai zaman kanta ta Faransa, suka zo bisa gayyatar ƙungiyar Aghir In'Man ta Almustafa Alhasan, wanda shi kansa ma'aikacin SOMAIR ne a lokacin. Sun tarar da tarkacen ƙarfe mai tiriri ana sayarwa a kasuwar Arlit. Daga baya aka gano an yi amfani da ɓaraguzan mahaƙa wajen cike tituna. A watan Nuwamba 2009 Greenpeace ta auna wani wuri a kan titin Akokan ta samu tiririn ya ninka na ƙa'idar wurin kusan sau 500. Bayan haka kamfanin, tare da hukumomi da ƙungiyoyin farar hula, ya shiga bin tituna da gidaje da na'ura, yana kwashe abin da aka samu. Amina Weira, ɗiyar tsohon ma'aikacin COMINAK, ta nuna wannan rayuwa a fim ɗinta na 2016.

Ba a zargin talaka a nan. A garin da itace ke da tsada, bututu azara ne, ganga randa ce, guntun ƙarfe kuma tukunya ce a hannun maƙeri. Kwance masana'anta guda kuwa yana nufin dubban tan na ƙarfe. Saboda haka awo na uku a rumfar maƙera za a yi shi, da wurin masu sayen tsohon ƙarfe: ranar da aka zagaya da na'ura sau da yawa, ba tare da sanarwa ba, ba a samu kome ba, ranar ce za a ce ƙofar ta rufu.

Awo na huɗu: jikin mutane

Ciwon da radon da ƙura ke jawowa ba ya gaggawa, yakan yi shekara goma, ashirin ko fiye kafin ya bayyana. Wanda ya fito daga rami a 2021 yana da shekara arba'in da biyar, sai nan gaba za a san abin da ya ɗauko. A ƙarshen 2011 an kafa cibiyar OSRA domin duba lafiyar tsofaffin ma'aikatan ma'adini na jahar Agadas. A Faransa kuma, a 2012, wata kotu ta ɗora wa Areva alhakin mutuwar wani Bafaranshe da ya yi aiki a COMINAK ya kamu da ciwon dajin huhu, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013. In haka ta kasance ga mai lauya a Paris, ina ga leburan da ya koma ƙauyensu a Adar ko Damargu?

Abin da za a tambaya shi ne: mutum nawa aka rubuta, nawa ake dubawa a kai a kai, kuma likitan da ke duba su wa ke biyansa? Lissafin ya haɗa da ƴan kwangila, da matan da suka yi shekaru suna wanke kayan aikin mazajensu, da yaran da suka yi wasa a titunan nan? In babu kundin da ke ƙidaya masu ciwon daji a jahar shekara bayan shekara, gardama ba za ta ƙare ba, kowa zai yi ta faɗin son ransa.

Awo na biyar: tukunyar gida

Wurin da aka tsabtace amma mutanensa ba su da abin ci, ba a ce an raya shi ba. Yunwa ma ita ce za ta tura su su yanke waya su tone abin da aka binne. Albashi ɗaya na kamfani baki da yawa yake ciyarwa, daga mai shago har mai tallar fura. Wasu tsofaffin ma'aikata sun koma neman zinariya, wasu sufuri, wasu lambu, wasu sun bar garin. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ce a mayar wa ƙananan hukumomin jahar da ake haƙa kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da gwamnati ta samu, kuma magadan gari sun sha kokawa a kan jinkirin zuwansa. Ga shi kuma rami ɗaya ya daina ba da kome.

A ganinmu gaskiya ita ce a raba filin gida uku, a faɗa wa jama'a ƙarara. Akwai inda, bayan awo, za a iya mayar wa makiyaya. Akwai inda ba a kwana ba a noma, amma ana iya aiki: garejoji, rumbuna, wuraren koyon sana'a, da filin allunan wutar hasken rana, abin da Allah ya hore wa Arlit ba iyaka. Akwai kuma inda ya haramta har abada, wato tsibin dusa da kewayensa, ba gini, ba rijiya, ba kiwo. Awon kuwa mai sauƙi ne: bayan shekara goma, asibitin Akokan yana da likita da magani? Famfo yana kawo ruwa? Aji nawa ke cike da ɗalibai? Mutum nawa ke cin abinci daga sana'ar da ba ta dogara da rami ba?

Awo na shida: lokaci da aljihu

Nan ne gizo ke saƙa. Radiyom sai ya shekara 1.600 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi. Toriyom ɗin da ke haifarsa sai ya shekara 75.000. Raƙuman Dabus, da duk tsufansu, jarirai ne a gaban wannan lissafi. Sa idon da aka yi alkawari kuwa na ƴan shekaru ne. Lulluɓin mita 2 ginin ƙasa ne, kuma mutanen Agadas sun fi kowa sanin halin ginin ƙasa. Hasumiyarsu ta kai yau ne domin ba a taɓa daina yi mata yaɓe ba, itatuwan da suka fito daga jikinta ma matakalar magina ce. Ruwa a hamada ba ya zuwa kullum, amma in ya zo da fushi yake zuwa: ambaliyar Telwa ta watan Satumba 2009 ta rushe gidaje masu yawa a Agadas cikin dare ɗaya. Wa zai hau tsibin Akokan bayan kowace damina ya duba zaizaya ya toshe? Da kuɗin wa?

Wasu sun riga mu shiga wannan hali. A Munana ta ƙasar Gabon, inda wani reshen Cogema ya haƙi iraniyom har 1999, bayan an ce an gyara sai aka gano gidaje da aka gina da kayan mahaƙa, dole aka koma shirin sake gina wajen 200. A gabashin Jamus, kamfanin Wismut ya fitar da iraniyom kamar ninki uku na COMINAK kafin a tsayar da shi a 1990. Tun 1991 gwamnatin Jamus ke gyara, ta kashe sama da Euro miliyar 6, har a 2007 aka yi bukin nunin furanni na ƙasa a kan tsohon ramin Ronneburg, amma har yanzu ana tace ruwan da ke fitowa daga ramukan. Gaskiya ne can ƙasar ruwa ce mai cunkoson jama'a, aikin ya fi wuya. Duk da haka miliyar 95 na sefa bai wuce Euro miliyan 145 ba. Mai karatu ya yi lissafi da kansa.

Wa ke riƙe da tiya?

Tun juyin mulkin 26 ga watan Yuli 2023 dangantaka tsakanin Yamai da Orano ta yi tsami. A watan Yuni 2024 aka karɓe izinin Imuraran, a watan Disamba na shekarar Orano ta ce SOMAIR ta fita daga hannunta, a watan Yuni 2025 kuma gwamnati ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan, amma dusa ba ta san siyasa ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: kamfanin da ya kwashi tan 75.000 ba zai fake da rigima ya bar aiki rabi ba. Ita ma gwamnati, da take da kashi 31 a COMINAK, kuma yanzu ta gaji SOMAIR da nata tsaunukan dusa, ba ta da wanda za ta nuna wa yatsa ranar da wancan rami ya ƙare.

Shekara da shekaru mai sayarwa shi ke riƙe da tiya, shi ke awo, shi ke faɗin sakamako. Abin da aka gano a kasuwa da tituna kuwa, baƙi da ƴan ƙungiya ne suka fara gano shi. Ƙasa tana da hukumar kula da lafiyar nukiliya, tana da ofishin auna illar ayyuka ga muhalli. Agadas tana da makarantar ma'adinai ta EMAIR, tana da jami'a tun 2014. Abin da ya rage shi ne a ba su na'urori da kuɗin aiki da ƴancin faɗin abin da suka gani, a sa sarakuna da shugabannin makiyaya da mata da tsofaffin ma'aikata cikin kwamitin sa ido, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. A riƙa karanta sakamako a rediyo da Tamajak da Hausa. A ware asusu na musamman, wanda ba ya hannun kamfani kuma ba a taɓa shi don biyan albashi, domin kula da kufan bayan 2033. A zana taswirar wuraren da suka haramta a ajiye a ma'aikatar magajin garin Arlit da fadar Sarkin Abzin, a kuma koya wa yara ita a makaranta, domin waya takan yi tsatsa, allo yakan faɗi, kuma jikan makiyayi ba zai san abin da ke ƙarƙashin tudun da ya ga dama ya kafa tanti ba.

Muna kira ga magabatan jahar Agadas da wakilan jama'a da kada su sa hannu a takardar karɓar wuri sai sun ga waɗannan awo shida da idonsu. Shekara arba'in da uku Akokan tana haska gidajen wasu a ƙetaren teku. Mafi ƙarancin hakkinta shi ne ruwa mai tsabta, da iska mai lafiya, da gaskiya a kan abin da aka bar mata. Allah ya kare mutanen Abzin da zuriyarsu, ya ba shugabanni ikon riƙe amana. Amin.